Muhawara: Shin ya dace mu saka zanen kilas a kundin bayanin kwas ɗin rubuta manhaja?

Malamin kwas:

Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata shawara gaban wannan zaure kafin mu buɗe wa ɗaliban zango mai zuwa kundin bayanin kwas. Shawarar ita ce mu ƙara zanen kilas a shafin kowane babban aiki, domin ɗalibi ya samu abin da zai riƙa komawa gare shi duk lokacin da ya ɓace a cikin kod. Da gangan nake cewa kilas, wato ɓangaren kod da ke bayyana siffofin wani nau'in abu da ayyukan da yake iya yi, saboda idan na ce aji sai a ɗauka ajin da ɗalibai ke zama nake nufi.

Abin da ya tunzura ni shi ne aikin laburare da muka bayar a zangon da ya wuce. Kilas shida ne kacal a cikinsa, wato AbinAro, Littafi, Mujalla, Kwafi, Mamba da Aro, kuma kowane ɗaya yana da shafinsa da Javadoc, manhajar da ke fitar da shafukan bayani daga kod ɗin Java, ya fitar, amma babu wuri guda da ke nuna yadda suke haɗe da juna. Na zauna kusa da wani ɗalibi a ɗakin gwaji, na ga ya buɗe fayilolin shida gaba ɗaya yana tsalle daga wannan zuwa wancan, daga ƙarshe kuma ya sa Aro ya gaji Littafi, wato ya mai da shi wani nau'in Littafi. Da na tambaye shi dalili sai ya ce ai littafi ake arowa. Na jawo takarda na zana akwatuna uku, Mamba a hagu, Kwafi a dama, Aro a tsakiya yana riƙe da su biyun, kuma kafin in ajiye biro ya ce ashe aro ba nau'in littafi ba ne, yarjejeniya ce tsakanin mutum da kwafi. Abin da na yi masa a takarda shi nake so kundin ya riƙa yi wa kowa, har da wanda yake aiki da tsakar dare babu malami kusa da shi.

Malama mai koyar da tsara manhaja:

Wa alaikumus salam, Malam. Ban musanta cewa zanen ya taimaki wannan ɗalibi ba, amma ina so mu lura da abin da ya faru daki-daki. Ɗalibin ya fara yin kuskure da hannunsa, ya kafa hujja a kan kuskuren, sannan zanen ya zo ya rushe hujjar. Da ya tarar da zanen a shafin aikin tun farko, da ya kwafe shi akwati bayan akwati, kod ɗinsa ya yi aiki, ya samu maki, kuma har yau bai san dalilin da ya sa Aro bai gaji Littafi ba. A kwas irin wannan, yanke shawarar waɗanne kilas ake bukata da yadda za su danganta da juna shi ne rabin abin da muke koyarwa. Idan muka miƙa zanen, mun miƙa rabin amsar.

Damuwata ta biyu ita ce wanda zai riƙa kula da shi. Duk zango muna taɓa kod ɗin farawa da muke ba ɗalibai, mu sauya sunan wani aiki, mu cire wata siffa. Zanen da ya saɓa wa kod ya fi rashin zane illa, domin ɗalibin shekarar farko ba zai taɓa zaton kundin malamansa ne ya yi kuskure ba, kansa zai zarga.

Mataimakin malami a ɗakin gwaji:

Malama, da izininki ina so in raba maganar gida biyu, saboda ayyukan da muke bayarwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai aikin da muke ba ɗalibi kod da aka riga aka rubuta, mu ce ya ƙara masa wani abu, akwai kuma wanda muke ba shi bayanin matsala kawai, mu ce ya tsara komai daga tushe. A na biyun na yarda da ke ɗari bisa ɗari. A na farkon kuwa tsarin ba sirri ba ne, yana nan kwance a cikin fayilolin da muka ba shi, abin da kawai muke ɓoye masa shi ne hanya mai sauƙi ta ganinsa. Yawancin tambayoyin da nake amsawa a makonnin farko na irin wannan aiki ba su shafi tsari ba sam, tambayoyi ne kamar a wane fayil ake ajiye ranar da za a dawo da littafi, ko me ya sa ba a ga sunan littafi a cikin Kwafi ba.

Malama mai koyar da tsara manhaja:

Wannan rabon ya yi ma'ana, kuma na karɓe shi a matsayin mafari. Sai dai karanta kod ɗin wani har ka gano tsarinsa shi ma fasaha ce da ake koya, kuma ba na so mu kashe ta gaba ɗaya. Zan dawo kan wannan.

Tsohon ɗalibi, injiniyan manhaja:

Malamaina, ina gaishe ku. Na ga muhawarar ta taɓo abin da nake fama da shi a wurin aiki, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Zanen kilas da muke magana a kai ɗaya ne daga cikin zane-zanen UML, tsarin alamomin zana fasalin manhaja da Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa a kamfanin Rational a tsakiyar shekarun 1990, wanda ƙungiyar OMG mai kafa ƙa'idojin manhaja ta amince da shi a 1997. UML 2.0 ya fito a 2005, sigar 2.5.1 kuma a 2017, kuma a yau tsarin ya ƙunshi nau'in zane goma sha huɗu. Na kawo wannan ne don in ce abin yana da faɗi ƙwarai, kuma babu wanda na taɓa aiki da shi da yake amfani da dukkansa. Abin da na gani ana amfani da shi kullum shi ne zanen kilas da zanen jerin saƙonni, su ma ɗin a taƙaice, sau da yawa a kan farin allo ana tsakiyar tattaunawa.

Game da tsoron Malama na zanen da ya tsufa, ya taɓa cin ni. A wani wuri da na yi aiki an ba ni kundin da ke ɗauke da hoton zane mai kyan gani, na kwana biyu ina neman wani kilas da zanen ya ɗora a tsakiyar komai, ashe an rushe shi an raba aikinsa gida uku tun kafin zuwana. Hoton kuwa an yi shi ne da wata manhajar zane, fayil ɗinsa na asali ya tafi da kwamfutar wanda ya zana shi, don haka ko mai niyyar gyarawa sai ya sake zanawa daga farko. Tun daga nan na daina yarda da zanen da aka ajiye a matsayin hoto kawai. Maganin da na gani yana aiki shi ne a rubuta zanen da rubutu, da PlantUML ko Mermaid, manhajojin da ke mayar da rubutu zane, a ajiye shi a ma'ajiyar Git ɗaya da kod ɗin, inda ake adana tarihin kowane gyara. Tun 2022 GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ma'ajiyoyi, yana nuna zanen Mermaid kai tsaye a cikin fayil ɗin rubutu na Markdown. Ga misali da aikin laburaren da Malam ya ambata:

classDiagram
AbinAro <|-- Littafi
AbinAro <|-- Mujalla
AbinAro "1" *-- "1..*" Kwafi
Aro "*" --> "1" Kwafi
Aro "*" --> "1" Mamba

Layi biyar bayan kanun, kuma duk wanda ya sauya sunan kilas a kod zai iya sauya shi a nan cikin minti ɗaya, mai duba gyaran kuma zai ga ko an manta.

Mai kula da kundin kwas:

Tunda ni ne zan ɗauki nauyin duk abin da aka yanke, bari in tambayi abin da ya fi mini sauƙi. Me zai hana mu bar inji ya fitar da zanen daga kod ɗin kansa? Doxygen, manhajar fitar da kundin bayani daga kod, yana iya zana gado da alaƙar kilas idan aka haɗa shi da manhajar zane ta Graphviz, ga ayyukanmu na Python kuma akwai Pyreverse da ke zuwa tare da Pylint. Idan zanen yana fitowa daga kod duk lokacin da aka gina kundin, maganar saɓani ta ƙare.

Malamin kwas:

Na gwada wannan kafin in kawo shawarar, kuma sakamakon ne ya sa na ja da baya. Injin ba ya bambanta abin da ke da muhimmanci da wanda ba shi da shi. A aikin laburare ya fitar da kilas shidan, ya ƙara da kilas ɗin da ke karanta fayil, da na gwaje-gwaje, da nau'o'in kuskure da muka ƙirƙira, kowane akwati kuma cike da ayyukan karɓa da sakawa na kowace siffa, har akwatin Mamba ya yi tsawon rabin shafi. Layukan sun sarƙe, Aro da ya kamata ya zauna a tsakiya ya koma can gefe. Duk abin da ke cikin zanen gaskiya ne, amma ɗalibin da na ba ku labarinsa ba zai gano komai a ciki ba.

Amfanin zane ga mai koyo yana cikin abin da aka bari a waje. Ni da na zana akwatuna uku a takarda na zaɓi in yi shiru a kan sauran ukun, kuma wannan zaɓin shi ne koyarwar. Akwai kuma abin da injin ba zai iya sani ba: idan ya ga jerin Kwafi a cikin AbinAro, ba shi da hanyar gane cewa muna nufin dole a samu aƙalla kwafi ɗaya, domin kod ɗin bai faɗi haka a wurin da aka ayyana jerin ba. Alamar 1..* niyyar mai tsarawa ce, mutum ne zai rubuta ta.

Mai kula da kundin kwas:

Na fahimta, Malam. To amma ina roƙon a yarda in yi amfani da injin ta wata fuskar, wato ya zama mai gadi. Zan iya rubuta ɗan gajeren shiri da zai tattara sunayen kilas da ke cikin zanen, ya duba ko kowane ɗaya yana nan a kod, idan babu ya hana a gina kundin. Ba zai kama kuskuren alaƙa ba, amma zai kama irin abin da ya sami ɗan'uwanmu injiniya.

Ɗaliba a shekara ta biyu:

Malamai, ina neman afuwa da shiga maganar manya, amma na yi wannan kwas bara, kuma ina ganin abin da na fuskanta zai yi amfani.

Zanen kilas na farko da na gani bai taimake ni ba, ya ma ƙara rikita ni, saboda babu wanda ya koya mini karanta shi. Na gane cewa akwati yana da ɗaki uku, suna a sama, siffofi a tsakiya, ayyuka a ƙasa. Amma alamar tarawa da ta ragewa da ke gaban kowane layi na ɗauka lissafi ne, sai daga baya na san cewa + yana nufin kowa zai iya taɓa abin, - yana nufin na cikin kilas ne kaɗai, # kuma na kilas ne da magadansa. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne kibiyar gado. A tunanina tunda uba ne yake ba ɗa gado, kibiyar daga uba za ta taso ta sauka a kan ɗa, alhali alwatikar tana manne ne a jikin uban, layin kuma daga ɗan ya taso. Na yi mako guda ina karanta zanen a juye, ina ganin kamar AbinAro ne ya gaji Littafi. Ranar da wani ya ce mini in karanta kibiyar da kalmomin "nau'in wancan ne", wato Littafi nau'in AbinAro ne, ranar abin ya zauna mini.

Don haka roƙona shi ne idan za a saka zanen, a saka mabuɗin alamomi a ƙarƙashin kowane ɗaya, ba a wani shafi dabam ba, kuma a nuna alama ɗaya kusa da layin Java da ta yi daidai da shi, alwatika mai miƙaƙƙen layi kusa da extends, mai tsinkakken layi kusa da implements. Sannan a tuna cewa da yawa daga cikinmu a waya muke buɗe kundin, zanen da ya yi faɗi sai an yi ta jan sa hagu da dama.

Malama mai koyar da tsara manhaja:

Babu wata afuwa da za ki nema, ɗiyata, abin da kika faɗa ya fi duk abin da muka faɗa nuna inda matsalar take. Mu da muka daɗe da alamomin mun manta cewa su ma harshe ne da sai an koya.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake so mu tsaya a kai sosai, wato yawan alamomin da za mu yarda su shiga. Ina ba da shawarar mu taƙaita su zuwa gado, da cika alkawarin intafes, wato jerin ayyukan da kilas ya ɗauki alkawarin samarwa, da alaƙa ta layi mai ɗauke da adadi a bakinsa biyu, sai daimon mai duhu da ake sakawa a bakin layi don nuna cewa wani abu ɓangaren wani ne. Farin daimon, wanda ake cewa yana nuna tarawa, a bar shi a waje. Dalilina shi ne daimon mai duhu yana da ma'ana da za a iya gwadawa: ɓangaren na abu guda ne kawai a lokaci guda, kuma idan aka share babban, ƙananan sun tafi tare da shi. Idan aka cire wani littafi daga rajistar laburare, kwafinsa ba su da sauran wurin zama. Shi kuwa farin daimon, ƙa'idar UML kanta ta bar ainihin ma'anarsa ga mai tsarawa da fagen da yake aiki, kuma a Java kod ɗin da zai fito daga gare shi bai bambanta da na alaƙa ta layi ba. Na sha ganin ɗalibai sun ɓata rabin awa suna gardamar ko Mamba da Aro farin daimon ne ko layi ne, gardamar da ba za ta sauya ko harafi ɗaya a kod ɗinsu ba.

Tsohon ɗalibi, injiniyan manhaja:

Na goyi bayan Malama a kan wannan. Abin da kawai zan ƙara shi ne a ambaci farin daimon da jimla ɗaya a mabuɗin, saboda za su gamu da shi a zanen wasu, kada su ɗauka kuskure ne.

Ɗalibi a shekara ta uku:

Ina da bukata guda da nake fata ba za a manta da ita ba. Ni da manhajar karanta allo nake bin kundin, domin ba na gani. Duk hoton da aka saka ba tare da bayani ba, abin da nake ji kawai shi ne sunan fayil ɗinsa, wani lokacin ma ba na jin komai. Shawarar rubuta zanen da rubutu ta faranta mini rai, saboda layukan Mermaid da aka liƙa a sama na bi su ɗaya bayan ɗaya na gane tsarin laburaren sarai, ko da yake manhajar tana furta alamomin ɗaya-ɗaya. Ina roƙon a bar hanyar isa ga wannan rubutu a shafin, kuma a ƙara bayani da cikakkun jimloli a ƙarƙashin zanen, kamar a ce kowane Aro yana da Mamba ɗaya da Kwafi ɗaya, Mamba kuma yana iya samun Aro da yawa ko babu ko ɗaya.

Malamin kwas:

An karɓa, kuma na gode da ka faɗa tun yanzu. Ina ma ganin waɗannan jimloli za su amfani kowa, domin su ne za su warware irin juyin kibiyar da 'yar'uwarka ta bayyana.

Ga abin da nake ganin mun doshi yarda a kai. Zane zai shiga shafin ayyukan da muke bayar da kod ɗin farawa, da hannu za a rubuta shi a Mermaid, kada ya wuce akwati bakwai, idan aikin ya fi haka a raba shi zane biyu. A cikin akwati siffofi da ayyukan da aikin ya shafa kawai za a nuna, a kuma rubuta a fili cewa an taƙaita, don kada ɗalibi ya ga wani aiki a kod ya ɗauka kuskure ne. Ayyukan tsarawa daga tushe ba za su samu zane ba sai bayan an rufe karɓar aiki. Malama, kin ce za ki dawo kan maganar karanta kod.

Malama mai koyar da tsara manhaja:

Na dawo, Malam, kuma a nan ne har yanzu ban gamsu gaba ɗaya ba. Na yarda zane ba baƙo ba ne a koyar da masu farawa. BlueJ, shirin koyon rubuta Java wanda Michael Kölling da John Rosenberg suka fitar a Jami'ar Monash a 1999, babbar tagarsa zanen kilas ce, ɗalibi yana ganin akwatuna kafin ya ga kod. Amma a can zanen yana girma ne a gaban idon ɗalibi yayin da yake ƙara kilas da hannunsa, ba ya tarar da shi a gama.

Saboda haka ina so a cikin ayyuka huɗu da muke bayar da kod, a ware guda, na fi son na uku, a ba da zanensa da giɓi. A saka akwatunan duka, a cire layuka biyu ko uku, a ce wa ɗalibi ya karanta kod ya mayar da su tare da adadinsu, ya miƙa kafin ya fara rubuta komai. A aikin laburare, misali, a cire layin da ke tsakanin Aro da Kwafi. Wanda ya ja layin zuwa Littafi maimakon Kwafi, mun gano tun a makon farko cewa bai bambanta littafi da kwafinsa ba, kuma za mu gyara masa kafin ya gina kod mai yawa a kan wannan fahimtar. Cikakken zanen sai ya bayyana a kundin bayan kwana uku.

Mataimakin malami a ɗakin gwaji:

Zan iya duba waɗannan a zaman gwaji ɗaya idan a takarda aka miƙa su. Tambayata ita ce ko za a ba su maki, domin idan babu maki wasu za su jira kwana ukun su wuce.

Malamin kwas:

Za a ba su, kaɗan, daga cikin makin aikin na uku, kuma a kan dalilin da ɗalibi ya rubuta a gefen kowane layi za a bayar, ba a kan dacewa da namu zanen kawai ba. Malama, idan kin amince, ke za ki zaɓi layukan da za a cire.

Malama mai koyar da tsara manhaja:

Na amince. A turo mini kod ɗin aikin na uku kamar yadda zai je wa ɗalibai, ba na bara ba, saboda na ji an raba Mamba gida biyu.

Mai kula da kundin kwas:

Haka ne, Malama, an raba shi, zan turo miki sabon yau da yamma. Zan fara da zanen laburare a wani reshe na dabam a ma'ajiyar, tare da mabuɗin alamomi da jimlolin bayani, sannan in nemi ɗalibanmu biyu da suka yi magana a nan su buɗe shi, ɗaya a waya, ɗaya da manhajar karanta allo, kafin in taɓa sauran ayyukan. Abu ɗaya nake jira daga Malam: a zanen laburare, shin in nuna ranar dawowa a cikin akwatin Aro, ko tana cikin abin da ɗalibai za su ƙara da kansu a wannan zangon?